Jirgin da Ke Bin Gaɓa

Balik Pulau, Pinang
Ranar Talata

Ƙanwata Jamaliah,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da 'ya'ya da jikoki, da wannan gwiwar taki da ba ta taɓa hana ki yawo ba. Mu nan sai godiya. Durian, ɗan itacen nan mai ƙaya da wari, ya fara faɗowa, gari ya cika da baƙi masu motoci. Ni dai warin nake ji, hon ɗin sai a ba ni labari.

Kada ki kira ni a waya. Kunnuwan sun ƙara toshewa, kuma duk abin da aka rubuto mini a wayar sai 'yata Maznah ta riga ni karantawa. Wannan maganar tsakanina da ke ce.

Maigidana Shuib ba shi da lafiya, Yah. Watan jiya Maznah ta kai mu asibiti mu biyu, ni a duba mini gyambon cikin nan da ya hana ni cin yaji, shi a duba masa zuciya. Da aka gama, likita ya ja shi gefe da Maznah, suka daɗe. Maznah ta fito idonta jawur. A mota na tambaya, sai ya ce zuciyarsa ce ta gaji, ba wani abu ba. Ba wani abu ba! Tun ranar ban yi barcin kirki ba.

Yanzu kuma ya tsiro da wata. Wai jirgin ruwa yake so mu hau, irin na yawon shaƙatawar nan. Ya ce, "Odah, ƙuruciyata duk a jirgin fito ta ƙare, in kai mutane Butterworth in dawo da su, ina kallon manyan fararen jiragen nan a tasha kamar yaro a ƙofar gidan biki. Kafin in tafi sai na hau ɗaya, kina gefena."

Na ce, "Ka tafi ina? Kai da ko masallaci sai an nemo maka takalmi?"

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Yaran sun haɗa kuɗi, Maznah ta kwaso takardun talla ta zube mini a tabarma, wai ni zan zaɓa.

Ke kina goye lokacin da iyayenmu, Mak da Ayah, suka hau jirgin alhazai, ba za ki tuna ba. Ni na tuna. Na tuna ranar da aka kai mu tasha taryar su, Ayah ya sauko shi kaɗai riƙe da jakar Mak. A hanyar dawowa zazzaɓi ya ɗauke ta. Aka ɗaure ta a kan katako, aka sa mata ƙarfe a ƙafa, aka zura ta a teku. Duk Sallah mutane na zuwa maƙabarta da ruwan furanni, mu ba mu da inda za mu zuba. Kin san abin da ya sa na koyi wankan gawa ke nan, har na tsufa a kai. Yanzu a ce in ɗauki mutum mai gajiyayyar zuciya in kai shi tsakiyar ruwa?

Na kasa ce masa a'a. Ke ce kika san jiragen nan, kin hau su da tsofaffin masallacinku har kin gaji. Ki zaɓa mana wanda kuɗin yara ba zai tafi a banza ba. Amma ki fara gaya mini abu ɗaya, kuma kada ki yi mini kwana-kwana: in mutum ya cika a cikin jirgin, me suke yi da shi?

Ki gaishe da yara.
Yayarki,
Saodah

*

Bedok, Singapura
Ranar Asabar

Kak Odah,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, gwiwa kuma tana gaishe ki. Na ji maganar mijinki Abang Shuib, Allah ya ba shi sauƙi. Ke kuma ya cikin? Kina shan maganin dai ko kina zuba wa kaji kamar yadda kika saba?

To, kin zo wurin mai sana'a. Ki buɗe ido ki karanta, tunda kunne ya ƙi.

Na farko, duk takardar da kika ga farashinta ya faɗi ƙasa warwas, an rubuta kwana ɗaya ko biyu, ba a ambaci garin da za a sauka ba, ki kunna wuta da ita. Jirgin caca ne. Fita yake yi inda dokar ƙasa ba ta kai ba, a buɗe teburan karta, ke kuma ki zauna cikin hayaƙin taba har gari ya waye. Hajiya Ramlah ta unguwarmu ta taɓa faɗawa, ta dawo tana istigfari kamar ita ta buga.

Na biyu, kada ki yarda da farashin da ke manyan baƙaƙe. A ƙasa ake ɓoye kuɗin masu hidima da na tasha, har ruwan sha wasu sayarwa suke. Ki sa Maznah ta tambayi ko kicin ɗin halal daban yake da tukwanensa, ko kuwa kawai cire naman alade suke yi daga faranti. Kada ku tafi lokacin hutun makaranta, yara za su tattake ku a layin abinci. Ɗaki marar taga ya fi araha, ni shi nake kamawa don barci kawai nake yi a ciki, amma ku ban yarda ba. Ku kama mai taga, a tsakiyar jirgi inda ba ya girgiza sosai, kusa da lifta, kusa da ɗakin likita. Ku nemi keken guragu tun daga tasha, kyauta ne, kuma tafiyar cikin jirgin ta fi daga gidanku zuwa kasuwa.

Biyu na ware muku. Akwai Seri Camar, tsohon jirgi ne ƙarami, fentinsa ya sha jiki, amma miyarsu kamar ta gida. Gaɓa yake bi: Langkawi, Phuket, ya juyo Klang, kullum da safe yana tsaye a wani gari. Sai Ratu Selat, ƙaton fari mai hawa kamar asibiti. In kika auna kwanakin da abincin, shi ya fi riba nesa ba kusa ba. Arharsa kuwa don yana yin kwanaki a tsakiyar teku ne ba ya tsayawa ko'ina, ba ya biyan kuɗin tasha.

Tambayarki kuma. Kak, yayata, a wane zamani kike? Ba wanda ake jefawa a ruwa yanzu. Suna da ɗakin sanyi a can ƙasa, a ajiye mutum tsaf har a iso gari. Kin ga sai ki kwantar da hankalinki.

Ki ci abinci don Allah. Maznah ta ce zannuwanki sun fara zagaye ki sau biyu.

Taki,
Jamaliah

*

Balik Pulau
Ranar Alhamis

Jamaliah,

Sallama da gaisuwa, da fatan kowa lafiya.

In kwantar da hankalina? Ke kin san abin da kika rubuta kuwa? Tunda na karanta kalmar ɗakin sanyi Mak nake tunawa. Mak aƙalla an wanke ta, an yi mata sutura, alhazai sun yi mata salla kafin rana ta faɗi. Wannan fa? A tura Shuib cikin durowar ƙarfe kamar kifin da bai sayu ba, da rigar barcinsa, ba wanka, ba wanda ya ɗaure masa haɓa, a sama kuma ana kiɗa ana cin kek. Na sha karɓar gawar da ta kwana a firjin asibiti, Yah. Gaɓoɓi sun sandare, sai an yi ta lallashi da ruwan ɗumi kafin hannu ya kwanta. Ina yi ina ba su haƙuri a kunne. Ban taɓa zaton zan zauna ina lissafa wa mijina haka ba.

Ni Seri Camar na zaɓa. Ko fentinsa ya zube duka, in dai kowace safiya akwai ƙasa da masallaci a kusa. Na sa Maznah ta duba, duk garuruwan akwai musulmi da maƙabarta, har Phuket ɗin.

Amma tsohon nan ya kafe. Ya ɗauki takardar Ratu Selat ya liƙa a jikin firji, safe da yamma yana tsaye yana kallo. Na ce, "Wancan ƙaramin me ya yi maka?"

Ya ce, "Wancan ai jirgin fito ne ya sa hula. Fari na ce miki, babba."

Na ce, "In zuciyar ta tsaya a tsakiyar teku fa?"

Ya kalle ni wani iri, ya ce, "Ke dai ki ce kina so, Odah." Sai ya fita wai zai duba kaji, alhali ya riga ya ba su.

Abin da ke ƙara tsorata ni, yadda ya canza. Mutumin da bai san inda tukunya take ba, yanzu shi ke dama mini kunun shinkafa. Jiya na farka daga barcin rana na same shi zaune a bakin gado yana kallona. Na ga irin wannan a gidajen mutane da yawa: in tafiya ta matso, mutum yakan yi laushi. Amma kuma shekaranjiya da idona na gan shi ya sungumi buhun taki daga mota har bayan gida, ko haki bai yi ba. Na yi masa faɗa har muryata ta dushe, ni na ƙare da kwanciya.

Ki kira shi a waya ke ma, yana jin maganarki. Ki ce masa babban jirgin tsada gare shi, ki ce abincinsu ba daɗi, ki yi ƙarya in ta kama, zunubin a kaina.

Yayarki,
Saodah

*

Bedok
Ranar Litinin

Kak Odah,

Wa alaikumus salam, ina gaisuwa.

Ki yafe mini maganar ɗakin sanyi. Bakina ya fi hankalina sauri, kin san ni tun ina yarinya.

Na kira Abang Shuib kamar yadda kika ce. Ƙaryar ce dai na kasa. Kak, in za ki ji tawa, ki bar shi da farin jirginsa. Likitansu ya fi, suna da ma'aikatan jinya dare da rana, da maganin ciwo mai ƙarfi wanda ƙaramin ba shi da shi. Gadonsu ma ya fi laushi ga mai ciwon jiki. Akwai tafiyar da za su yi farkon watan gobe, na ce wa Maznah ku kama ta. Kada ku jira ta bayan damina ko da ta fi araha. Ni da bakina nake cewa a bar araha, kin san ba ƙaramin abu ba ne.

Kuma ki daina tsayuwa a kan kaya da kanki. Ki zauna, Maznah ta shirya akwatunan. Me kike sha'awar ci? In aiko miki da wainar kwakwar nan ta kasuwar Geylang da kike so? Ki faɗi ko mene ne.

Ina yi miki addu'a kowace salla. Ina yi muku, ku biyun.

Ƙanwarki,
Jamaliah

*

Balik Pulau
Ranar Juma'a

Jamaliah,

Sallama. Ba zan tsawaita gaisuwa ba.

Kin ce in bar wa Maznah akwati. Tun da aka kai ni gidan Shuib ba wanda ya taɓa shirya masa kaya sai ni, ba kuma yau za a fara ba. Ɗazu da ya tafi masallaci na jawo akwatinsa daga ƙarƙashin gado in sa masa rigunan sanyi. Na ji shi da nauyi. Can ƙasa, ƙarƙashin tsofaffin zannuwansa, akwai ƙunshi a cikin leda. Tun kafin in buɗe ƙamshin kafur ya gaya mini ko mene ne.

Likkafani ne. Ka ji tsohon zamani, na ce a raina, ya yi irin ta alhazan da, ba sa hawa ruwa sai da suturarsu a jaka. Na zauna na yi kuka na ƙoshi. Sai kuma hannu ya yi abin da ya saba, na ce bari in duba ko an yanka masa daidai, don yaran yanzu yankan ganganci suke yi.

Na warware a kan gado. Yah, akwai ɗankwali a ciki. Akwai riga mai tsagar wuya irin tamu, akwai zanen ɗaurawa. Na miƙe babban ƙyallen a tsawon gadon. Shuib sai ya sunkuya yake shiga ƙofar kicin, wannan ko ƙirjinsa zuwa ƙafa ba zai rufe da kyau ba. Na kwanta a gefensa na gwada. An bar ragowar tafin hannu biyu a sama, biyu a ƙasa, yadda nake koya wa mata su bari. Ko ni na auna kaina iyakar abin da zan yanka ke nan.

Wawan tsoho. Ya je wurin matan da ni na koya wa aiki ya sayi kayan mace, ya ɓoye a akwatin da ni nake shiryawa.

Ina kwance a wurin komai ya dawo mini. Likitan da ya ja su gefe ranar da aka ɗauki hoton cikina. Buhun taki. Kunun shinkafa. Ƙwayoyin da aka cire wa kwali kafin a ba ni. Da ke, mai keken guragu da gado mai laushi da kada a jira bayan damina.

Na naɗe shi yadda na same shi na mayar. Da ya dawo ya ce, "Me ya sami idonki?" Na ce albasa. Ya ce, "Albasa a ɗakin kwana?" Na ce masa ya ji da zuciyarsa.

Na shiga ɗakuna da yawa inda aka ɓoye wa mai ciwo ciwonsa, ni ma na sha taya ɓoyewa, ina cewa jinƙai ne. Ban san haka ƙasa take zamewa a ƙarƙashin mutum ba. Ina tsoro, Jamaliah. Duk kwanakin nan ina jin tsoron durowar ƙarfen nan saboda shi, ashe ni ake auna wa.

Ki gaya mini gaskiya. Tun yaushe kika sani, kuma me likita ya ce?

Saodah

*

Bedok
Ranar Talata

Kak Odah, yayata,

Wa alaikumus salam. Na fara takardar nan na yaga ban san sau nawa ba.

Tun daren da kuka dawo daga asibiti Maznah ta kira ni. Ba gyambo ba ne. Ciwon daji ne, ya kama hanta, sun ce aiki ba zai yi amfani ba. Watanni suka ce, ba su faɗi nawa ba, Allah ne masani. Zuciyar Abang Shuib kuwa ta fi tawa lafiya.

Shi ya roƙe mu mu yi shiru. Ya ce ranar da aka kawo ki gidansa a jirgin fito, kin rufe ido tun daga Butterworth har tsibiri don tsoron ruwa. Wani farin jirgi na tsaye a tasha, ya ce miki ki buɗe ido ki gani, wata rana a irinsa zai ɗauke ki, wanda ko motsinsa ba za ki ji ba. Ya ce kin buɗe ido ɗaya kin ce, "Allah ya nuna mana." Ya ce mini, "Yah, duk abin da na ce zan yi mata na yi, ban da wannan. In na ce don ita ne, ba za ta taka ba. In na ce don ni ne, ko wuta ce za ta shiga." Yana faɗa yana kuka a waya, namiji kamar Abang Shuib.

Likkafanin ban san da shi ba, wallahi. Ina jin shi ma tsoron da kike ji yake ji, ya rasa yadda zai yi.

Ba sai kin hau komai ba, Kak. Ki ce kin fasa, ni zan tare miki su duka. Ko ku hau ƙaramin mai bin gaɓa. Ki yafe mini.

Ƙanwarki mai laifi,
Jamaliah

*

Balik Pulau
Ranar Lahadi

Ƙanwata,

Sallama da gaisuwa. Na yafe miki, ki share hanci.

Ni na manta da maganar buɗe ido ɗaya, shi ashe yana riƙe da ita. Na kwana biyu ina juya abin. Ni tafiya zan yi ko a ruwa ko a tudu. Shi ne zai zauna a gidan nan bayana, shi da kaji da takardar da ke jikin firji. In muka hau ƙaramin, har ya mutu zai riƙa cewa bai cika ba.

Na ce wa Maznah ta kama Ratu Selat, na farkon wata. Da na gaya masa, sai da ya riƙe ƙofa. Ya ce, "Kin tabbata, Odah?" Na ce, "Saboda zuciyarka ne, kada ka ɗauka wani abu." Kada ki kuskura ki gaya musu na sani. Ya sha wahala a kan ƙaryar nan, a bar masa kayarsa.

Kada ki ɗauka tsoron ya tafi. Duk sanda na rufe ido durowar nake gani. Kwanakin nan da jirgin zai yi babu ƙasa ko ta ina, in abin ya zo a cikinsu, Shuib ba zai iya komai ba sai kuka, Maznah kuma ba ta samu hutu a wurin aiki ba. A duk jirgin ba na jin akwai macen da ta san yadda ake yi. In dai an wanke ni, an rufe mini jiki, an yi mini salla, to su sa ni a sanyin, zan jira ƙasa.

Don haka ke nake so ki zo. Na san abin da nake roƙo. Na san ko ranar rasuwar Ayah a bakin ƙofa kika tsaya, ranar ta mijinki ma sai da aka riƙe ki, ba ki taɓa taɓa mamaci ba. Amma ba ni da wata. Ki yi musu Turancin nan naki su bar ki da ni a ɗaki kafin su sauke ni ƙasa. Garin magarya da auduga ni zan taho da su a jakata. Sauran yana akwatin Shuib, can ƙasa.

In ba za ki iya ba ki faɗa, ba zan riƙe ki ba.

Yayarki,
Saodah

*

Bedok
Ranar Alhamis

Kak Odah,

Wa alaikumus salam.

Na kama ɗakin da ke manne da naku. Mai taga ne, ban ko nemi ragi ba.

Jiya an yi rasuwa a unguwarmu, na bi matan masallaci wurin wankan gawar. Na kai bakin ƙofa ƙafata ta ƙi. Na gaya musu duk ranar da aka sake yi su kira ni, ko da ja ne su shigar da ni.

Ki rubuto mini yadda ake wankan tun daga farko, da manyan baƙaƙe. Ta wane gefe ake farawa?

Sai mun haɗu a tasha, in Allah ya yarda.
Jamaliah